Gwadon Maigadin Bungudu

Mun tashi da asuba, ana sallame salla muka bar Kucheri, ni da wasu maƙwabtana masu zuwa cin kasuwar Tsafe. Ku da kuka ishe ni a gindin durumi da "Baba, ba mu labarin Gusau," to ga shi na rubuta, in kun iya karantawa. Kun dai san karatuna, ina kaiwa Sabbi na tsere wa malam, rubutuna kuwa sai ka ce kaza ta taka tawada. Wanda ya kasa gane wani wuri ya zo da goro in warware masa.

Da zan tafi na ce muku injin gurzar auduga da Turawa suka kafa zan je gani. Ina ruwana da inji? Yaron gidana na fari ne ya tafi cin rani Gusau, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce, bai dawo ba. Sai a bakin masu jakuna muka ji wai an gan shi cikin masu koyon gadi a wurin injin.

Kun san yadda muke da ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka haɗa ido da shi, ba ka nuna wa mutane ka damu da shi. Ga shi kuma sunan mahaifina aka sa masa, kunya ta zama biyu. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ya girma a gidan da ke jikin namu. Ina jin dariyarsa ta saman danga, ba na leƙawa sai na tabbata babu mai ganina. Uwarsa ma ta fi ni, ita ko "yaro" ba ta cewa, sai "wancan." Amma tun da ya tafi, kullum sai ta zuba tuwo a akushi guda fiye da yawan mutanen gida, ta rufe da faifai, da safe a ɗumama wa ƙannensa. Ba ta taɓa cewa na wane ne ba, ni ma ban tambaya ba. Bana ta kaɗa zare da hannunta, ta kai wa masaƙi, aka yi gwado fari mai baƙin layi. Ina ɗaura takalmi ta ajiye shi a bakin ƙofa, ta juya tana hura wuta, ta ce, "An ce masu gadi a waje suke kwana." Iyakar maganarta ke nan. Na ɗauka na saɓa a kafaɗa.

Hanyar Tsafe kun san ta, ba sai na ɓata tawada ba. An gama girbi, karan dawa a kwance, auduga ta fashe fari fat a gonaki, jakuna sai wuce mu suke da mangaloli cike. Sanyi kuwa yana shiga har cikin haƙori. Sau biyu shaiɗan ya ce mini in yafa gwadon, ai ba wanda zai sani. Na ce masa matar nan ta san warin jikina ko a cikin kasuwa, balle a jikin zarenta.

A Tsafe na fara ganin duniya ta canza. Na miƙa wa wata mai ƙosai kuɗin wuri, ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Baba, kai wa jikokinka su yi wasan dara." Sai anini mai huda take karɓa. Fura ta anini ta ƙosar da ni, amma ƙosan nata ƙanana ne kamar idon zabo. Nan maƙwabtana suka tsaya, ni kuma na bi ayarin wasu masu jakuna da suka fito ta wajen Yankara da auduga. Ba su san ni ba, ba su san gidana ba, wannan kuwa ya yi mini daɗi, don na sami damar zama attajiri na kwana biyu. Na ce musu shanuna na je dubawa. Ɗayansu ya kalli takalmina da na ɗaure da igiyar rama, ya ce, "Allah ya ƙara wa shanu albarka, Baba."

Daga Tsafe hanya ta bi gefen aikin layin dogo. Mutane ne kamar tururuwa, kowa da kwandon ƙasa a ka, suna tula wa jirgi hanyar da zai bi. Dutsen Kwatarkwashi tun hantsi yake gabanka kamar ka miƙa hannu ka taɓa, har azahar bai matso ba. A gindinsa muka yada zango, matan Fulani suka kawo nono mai kauri wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Duk saurayin da ya wuce mu sai na bi shi da kallo, in dogo ne har sai ya ɓace mini. Na gane ashe tafiyar yaron nan na fi sani da fuskarsa, don ta baya na saba kallonsa.

Gusau gari biyu ne yanzu. Akwai tsohon gari da kuka sani, akwai kuma sabon wuri wajen da jirgi zai tsaya, kantuna da rufin kwano, Yarabawa da 'yan Kwara da mutanen da ban san yarensu ba. Har ruwa sayar da shi ake yi a tulu. Injin kuwa tun daga nesa kake jin sa yana gurnani kamar cikin mai yunwa. An kewaye shi da waya, ga sito-sito manya, ga dilolin auduga jibge sun fi rumbun sarkin noma tsawo. A bakin ƙofa an ja layi da farar ƙasa, bayan layin wani saurayi a tsaye da rigar kaki da kulki.

Na yi sallama na soma gaisuwa yadda aka koya mana. Ban kai ga "ina gajiya" ba ya daka mini tsawa.

"Tsaya nan! Wa kaka biɗa?"

Na ce wani yaro ne dogo daga Kucheri.

"Sunanai?"

Nan fa ake yin ta. Na faɗi laƙabin da kakarsa ta sa masa, ya ce su sunan yanka suka sani. Na ce yana da manyan kunnuwa. Ya ce kowa da kunnuwansa ya zo. Na ce to bari in rubuta a ƙasa. Ya ce shi bai iya karatu ba, ni kuma na san ko malamina aka taso daga kabari ba zai gane ba. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya kamar ƙashin kifi. Shekara da shekaru ban faɗe shi ba, ba a bakin ƙofar Nasara zan fara ba.

"In ba suna, ba shiga. Koma baya, tsoho."

Ina komawa baya sai na ga samari sun yi layi a jikin waya, ana shigar da su ba a tambayar kowa wa yake nema. Na tambaya, aka ce masu son koyon gadi ne. Na gyara gwado a kafaɗa, na tura ciki baya, na shiga layi.

Mai ɗaukar mutanen Saje ake ce masa, tsohon soja ne da ya yi yaƙin Kamaru, gajere mai faɗin ƙirji, murya kamar tambari. Yana bin layi yana taɓa damtsen kowa, da ya iso kaina ya tsaya.

"Wa ya manta kakansa a nan?"

Samari suka fashe da dariya. Na ce, "Ranka ya daɗe, gadi aikin marar barci ne. Waɗannan suna kwanciya sai an yayyafa musu ruwa. Ni kuwa barci ya daɗe da sakina."

"Daga ina?"

"Kucheri, ƙasar Tsafe."

"Bakatsine! Allah ya kawo mini bawa har gida."

Sai a sannan na lura da harshensa, ashe Banufe ne, abokin wasanmu, don mu mutanen ƙasar Tsafe Katsinawa ne. Na ce, "A'a, ubangida ne ya zo duba yadda bawansa ke kiwon dukiya." Ya yi dariya har yana dafa gwiwa, ya ƙura wa gefen kaina ido na ɗan lokaci, sannan ya ce in shiga, ko ba komai zai sami abin nishaɗi.

To, jama'a, na ɗauka gadi shi ne ka sami inuwa ka zauna da sanda. Ashe ilimi ne. Abu na farko aka karɓe mini lofen taba da ƙyastu, don ko tartsatsi ba a yarda ya kusanci auduga ba. Saje ya ce wutar auduga munafuka ce, sai ta wuni tana ci a tsakiyar dila, waje fari fes, ba hayaƙi. Ya koya mana cusa hannu tsakanin diloli mu ji ɗumi, mu kafa hanci mu shinshina. Na ce a raina wannan wutar na san irinta, akwai ta a gidana. Ga bokitai jere, na ruwa da na yashi, ga guntun ƙarfen dogo rataye a bishiya, in ka ji ƙauri ka buga shi har hannunka ya gaji. Aka koya mana share ƙasa kewaye da sito da reshen sabara, don duk wanda ya taka ya bar sawu. Aka koya mana jan kowane kwaɗo da hannu, don ido yana ƙarya. Aka ce kada ka zaga ta hanya ɗaya kullum, ɓarawo ma ɗalibi ne, kai yake karantawa.

Fareti kam kada ku tambaye ni. In an ce hagu, sai na tuna da wane hannu nake cin tuwo sannan in juya, kafin nan kowa ya tafi ya bar ni ina kallon waya. Usur kuwa, da haƙoran da suka rage mini, in na busa sai ka ce ɗan tsako ya faɗa rijiya. Saje ya ce in ɓarayi suka ji wannan, tausayi ne kawai zai hana su sata.

Amma abin da ya fi ba ni wuya dokokin tsayuwa ne. Maigadi a bakin aiki ba ya zama. Ba ya karɓar komai daga hannun kowa, ko goro ko fura, don da abinci ake sa mutum barci. Ba ya doguwar gaisuwa, "lafiya" ɗaya ta isa, mu da gaisuwarmu ke tashi daga gajiya ta bi ta iyali ta sauka kan jaki. Kuma ba ya durƙusa wa kowa. Saje ya ce, "Ko ubanka ne ya zo, kana tsaye. Lokacin da gwiwarka ke ƙasa, idonka ma yana ƙasa, a lokacin ake wucewa."

Mutum ɗaya ne kawai maigadi zai tsaya ya yi magana da shi, wato wanda ya zo karɓar gadi. Wannan kuwa da tsarinsa. Ku tsaya gaba da gaba, taki ɗaya tsakaninku, ku kalli juna cikin ido, don ka gane ko barci ne a idonsa ko wani abu yake ɓoyewa. "Wanda ya sunkuyar da kai wajen karɓar gadi," in ji Saje, "ko ɓarawo ne ko abokin ɓarawo." Sannan ku zaga sito tare, kafaɗa da kafaɗa, ku ja kwaɗo tare, ku duba sawu tare. Sai mai sauka ya miƙa kulki da usur da makullai ya ce, "Lafiya na ba ka." Kai kuma ka ce, "Lafiya na karɓa."

Duk kwanakin nan idona na kan fuskoki. Na duba masu gadin ƙofa, na duba na sito, na duba masu cin tuwo a rumfar wata Bazamfara da ke sayar da malmala a kwabo da miyar kuka mai yawan barkono. Babu shi. Tambaya kuma ba ta yiwuwa sai da suna. Gwado yana nan a ƙulle, da shi nake matashin kai, ban kwance shi ba.

Ran nan Saje yana yi mana faɗa kan durƙuso, sai ya ce, "Akwai wani dogon Bakatsine da na koyar bara, na kai shi rumfar auduga ta Bungudu gwaji. Ban taɓa samun mai ido da hanci kamarsa ba. Amma da ya ga farin gemu sai gwiwarsa ta narke. Na aika masa tsoho, ya zube yana gaisuwa, mutumina ya wuce ta bayansa ya ɗauko buhu. Na yi masa kashedi. In ya sake, zai tuɓe mini rigata ya koma ƙauyensu."

Ban ji sauran darasin ba. Ga shi na san inda yake, tafiyar rabin wuni. Amma ni ne farin gemun da ya fi kowane haɗari gare shi. In na bayyana gabansa, ko sama da ƙasa za su haɗe sai ya durƙusa, rigar da ya bar gida damina biyu dominta ta tafi. Ba zan ɓoye muku ba, wata zuciya ta ce mini, to ba shi ke nan ba? A tuɓe rigar ya dawo gida, akushin nan ya sami mai shi. Na daɗe ina jin daɗin wannan tunani. Sai na tuna yadda Saje ya ce bai taɓa samun kamarsa ba. Ni dai tunda nake ba a taɓa faɗin haka a kaina ba, ko a wajen cin tuwo. Na yanke shawarar in ba wani mai jaki gwadon ya kai, in koma gida ban gan shi ba.

Washegari da safe ina neman mai jakin sai Saje ya jefo mini tsohuwar rigar kaki. "Sa wannan, bawana. Bungudu za mu. Ina so in gwada dogon nan da gemu mafi fari da nake da shi."

Na ce cikina na ciwo. Ya ce mota tana maganinsa.

Mota kuwa, Allah ya sa ku shiga sau ɗaya don ku san darajar jaki. Aka ɗora mu bisa tulin buhunan da babu komai ciki, ta yi tari, ta yi atishawa, ta zabura. Na soma karanta duk surorin da na sani, ba mu fita gari ba suka ƙare, na koma farko. Bishiyoyi suna gudu baya, mata masu tallan nono suna watsewa cikin daji. Da muka gangara wajen gulbi na ga fadamun Bungudu kore shar, albasa da taba da rake, ga masu jigo suna ban ruwa. Wuri mai kyau, amma ni ban ga kyansa ba sai a dawowa. Ina ƙanƙame da gwado ina roƙon Allah ya sa taya ta fashe.

Rumfar audugar tana bayan kasuwa, sito ɗaya mai rufin kwano da sikeli a gaba, da layin farar ƙasa kamar na Gusau. Tun daga nesa na gane tsayuwar yaron. Ya ƙara faɗi, ya tsayar da ɗan gemu. Saje ya laɓe bayan motar ya ce, "Je ka karɓi gadi."

Na tafi. Yaron na ganin mutum ya doso layi ya ɗaga kulki.

"Tsaya! Wane ne?"

Ban taɓa jin muryarsa da ƙarfi haka ba. Sai ya gane ni. Kulkin ya sauka a hankali, bakinsa ya buɗe, idonsa ya faɗi ƙasa, na ga ƙafarsa ta dama tana neman zare takalmi, gwiwa ta soma lanƙwasa.

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na daka tsawa irin ta Saje, har jakunan da ke wurin suka ɗaga kunne.

"Maigadi! Miƙe! Na zo karɓar gadi!"

Ya tsaya cak, rabi sama rabi ƙasa, sannan ya miƙe. Na tsallake layi na tsaya gabansa, taki ɗaya. Kansa na sunkuye. Na ce, "Maigadi, ba haka aka koya mana ba." Sai ya ɗago.

Jama'a, yaron nan ya kusa shekara talatin a duniya, ran nan na fara ganin idonsa sosai. Idon uwarsa ne. Akwai ɗan tabo a girarsa ta hagu wanda ban san lokacin da ya same shi ba. Na kalle shi, na ƙara kallo, ba mai cewa na yi rashin kunya, doka ce ta sa ni. Da Saje ya ce a wuni ana kallon nan, da na zama maigadin da ya fi kowa bin doka.

Muka zaga sito kafaɗa da kafaɗa. Muka ja kwaɗo na farko tare, hannuna bisa nasa. Na ce, "Ƙofa lafiya?"

"Lafiya."

"Sawu fa?"

"Sai na akuya."

Na cusa hannu tsakanin diloli, na daɗe ina shinshinawa fiye da yadda ake bukata. Na ce, "Maigadi, ana sanyi a wurin nan?"

Ya ce, "Ana yi. Wajen asuba."

"Abinci fa?"

"Ana samu. Ba kamar na gida ba."

Sito ɗaya ne tak, ban taɓa jin haushin ƙanƙantar gini ba sai ran nan. Na ja kowane kwaɗo sau biyu, na ce ban yarda da na bayan ba mu koma. Amma komai jan ƙafa sai da muka dawo bakin ƙofa. Ya miƙo kulki da usur da makullai ya ce, "Lafiya na ba ka." Na ce, "Lafiya na karɓa." Hannunsa ya zama babu komai, ya sauka daga aiki, doka ta sake shi. Na sauke gwado na ɗora masa. Ban ce daga wa ba. Ya shafa zaren, ya kai shi hanci.

Sai ya tsallake layi zuwa waje, ya tuɓe takalmi, ya zube ƙasa gabana. "Baba, sannu da hanya. Ina gajiya? Yaya mutanen gida? Yaya Inna?"

Ni kuma ga ni a bakin aiki, kulki a hannu. Ba zama, ba doguwar gaisuwa. Na ƙame ina kallon sama da kansa, na ce, "Lafiya." Guda ɗaya, yadda aka koya mini. Ruwan da ya zubo mini kuwa, ƙurar auduga ce, duk wanda ya ce ba ita ba ce ya zo mu yi shari'a.

Saje ya fito daga bayan mota yana tafa hannu. Ya ce wa yaron rigarsa ta zauna. Ni kuma ya matso ya ce a hankali, "Tun ranar farko na ga kunnuwan nan. Duk ƙasar Hausa gida ɗaya ake yin irinsu."

Gadina bai kai la'asar ba. Wata tsohuwa mai daddawa ta zo wucewa ta yi mini sannu, ashe tana da dangi a Kucheri. Saje ya dawo ya same ni zaune kan buhu, goronta a bakina, muna kan gaisuwar jikoki. Nan take ya karɓe kulkinsa. Ya ce tunda yake bai taɓa korar mutum da farin ciki haka ba. Na ce ni ma ban taɓa ganin bawa ya kori ubangidansa ba sai a zamanin Nasara.

Da aka tuɓe mini kaki, kunya ta dawo wurinta. Muka zauna gindin wata tsamiya mu uku ana shan rake, ni ina kallon gabas, yaron yana kallon yamma. Na ce, "Saje, tambayi maigadinka ko ana ba su hutu." Yaron ya ce, "Saje, a gaya wa Baba in an rufe kasuwar auduga, kafin shuka, ina nan tafe." Saje ya ce shi fa an ɗauke shi koyar da gadi ne, ba tafinta tsakanin Katsinawa biyu masu jin Hausa ba.

Da ƙafa na dawo, na ce wa mota na yafe. Na bi ta Gusau na karɓi lofena, na sayi gishiri da ɗan turmin atamfa a kantin wani Bayarabe da ya rantse ya yi asara, na san kuwa ni na yi. Kafaɗata ta yi sakayau babu gwado, har ina kai hannu ina lalubawa.

Na iso gida da yamma. Uwar yaron ta kawo ruwa, ta ce yaya hanya, na ce lafiya. Ta ce yaya Gusau, na ce tana nan da tsada. Ta dubi kafaɗata, ta koma bakin murhu. Na san abin da take jira, ta san na sani, kuma ba mai iya farawa. Sai na ɗauki muciya na tsaya tsakar gida ƙiƙam, na ce bari in nuna muku yadda ake karɓar gadi. Yara suna ta dariya. Na ce akwai wani maigadi a Bungudu, shugabansu ya ce babu kamarsa. Ya yi faɗi, ya tsayar da gemu, yana da tabo a girar hagu.

"Faɗuwa ya yi daga kan ɗinya," in ji ta, ba ta juyo ba. "Yana shekara bakwai."

Ashe ita ma tana leƙen dangar.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na koyi jan kwaɗo da hannu, na koyi cewa kuɗin wurina sun zama abin wasan yara, na kuma gane wata dokar tana ɗaure mutum, wata tana kwance shi, ni kuwa sai da na je har Bungudu na ari ta Nasara kafin in kalli abin da Allah ya ba ni. Kunyarmu ban ce a yar da ita ba, da ita aka haife mu. Amma duk mai irin wutar nan ta auduga a gidansa, ya riƙa sa hannu yana jin ɗumi.

Ran nan ma ta zuba tuwo a akushin nan ta rufe da faifai. Ƙaramar 'yarmu ta kai hannu, ta buge hannun.

"Bari," ta ce. "Na Maigadi ne."